Wata bakwai da muka yi muna shiga Twitter ta katanga

Ranar 4 ga Yunin 2021 ma'aikatar Lai Mohammed, ministan yaɗa labarai na lokacin, ta sanar da dakatar da Twitter a Najeriya. Abin dariya, a Twitter ɗin ta wallafa sanarwar. Kwana biyu kafin nan kamfanin ya goge wani saƙon Shugaba Buhari, kodayake gwamnati ta ce ba wannan kaɗai ba ne dalili.

Ni turaren wuta da humra nake sayarwa, kuma yawancin masu sayen kayana can nake samunsu. Ƙanena ya sa min VPN, manhajar da ke sa a ga kamar daga wata ƙasa ake shiga intanet. Wayar ta dinga zafi, caji ba ya kai la'asar, ga labaran Holan sun cika min fuska, ni da ke Kano. Hajiyoyin Abuja da suka ji an ce za a gurfanar da masu shiga, sai suka ɗauke ƙafa.

Ban ce kada a sa wa kamfanonin nan linzami ba. Su yi rajista, su biya haraji, daidai ne, kuma sharuɗɗan da Twitter ta amince da su ke nan kafin a buɗe ranar 13 ga Janairun 2022. Amma ai ana iya wannan ciniki ba tare da an rufe mana kasuwa ba. A Yulin 2022 kotun ECOWAS ta ce rufewar ta saɓa doka.