Abin da dusar ƙanƙarar Afrilu ta koya mini a Minnesota

Babban darasin da aikin kula da gidaje a Minneapolis, birnin da ke jihar Minnesota ta Amurka, ya koya mini shi ne kada mutum ya ajiye shebur don ya ga rana ta fara zafi a ƙarshen Maris. Tsakanin 13 da 15 ga Afrilun 2018 dusar da ta zuba a birnin ta haura inci 15, a lokacin da mutane da yawa sun riga sun cire tayoyin hunturu daga motocinsu.

Dusar wannan lokaci ba irin ta Janairu ba ce. Ta Janairu busasshiya ce, iska na kwashe ta kamar gari, inci 15 nata kan narke ya ba da inci ɗaya na ruwa. Ta Afrilu jiƙaƙƙiya ce, inci 6 ko 7 kawai sun isa su ba da wannan ruwan. Nauyin nan shi ke karya rassan bishiya su faɗo kan wayoyin lantarki, shi ya sa ɗaukewar wuta ta fi damuna fiye da sanyin kansa. Firji a rufe yana riƙe abinci kusan awa 4, firiza cike kuma awa 48, muddin ba a ta buɗe su ba. A tanadi ruwan sha lita 4 ga kowane mutum a kullum, a yi cajin waya da tocila tun kafin dare.

Janareta kuwa a waje yake zama, nesa da taga da ƙofa da aƙalla mita 6. Wanda ya saba da kaskon gawayi a ɗaki lokacin hunturun gida ya manta da shi a nan, don gidajen a toshe suke ruf, hayaƙin da ba a gani ba a jin warinsa yana kashe mutane suna barci. Saboda haka ake leƙa bututun injin ɗumama gida da ke jikin bango a share dusar da ta toshe shi, haka ma bakin salansar mota kafin a tayar da ita.

Hukumar hasashen yanayi ta Amurka tana fara sanar da yiwuwar guguwa kwana ɗaya ko biyu kafin ta iso, sannan ta fitar da gargaɗi. Sayayya da shan mai a lokacin sanarwar farko ake yi, kafin kantuna su cika.

Kwasa ma da dabararta. A fita duk bayan inci 3 ko 4, a tura dusar gaba maimakon a ɗaga ta, domin ɗaga jiƙaƙƙiya na jawo bugun zuciya ga masu shekaru. Idan injin kwasa ya toshe, a kashe shi a tsokane da sanda, hannu kada ya shiga ko da injin a kashe yake. Dokar birni ta ba mai gida awa 24 bayan dusar ta tsaya ya share hanyar ƙafa ta gabansa. In an ayyana dokar gaggawa ta share tituna, motar da aka bari a gefen da ba daidai ba janye ta ake yi, ga tara.

A tone bakin magudanar ruwa na titi tun da wuri. Cikin kwana biyu ko uku rana za ta narkar da tulin, ruwan da ya rasa hanya kuma ɗakin ƙarƙashin ƙasa yake nufa.