Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Turancin Tsofaffin Sheffield

Assalamu alaikum. Makon jiya na yi alkawarin ba da labarin haihuwar Auta, amma ku yi haƙuri sai wani makon. Matar Yaya ta aiko wai na manta alherin da ta yi mini lokacin da muka sauka Ingila. Ban manta ba. Ta ba ni bargo da tukunya, Allah ya saka. Amma tunda ita ta taɓo maganar, bari in faɗi abin da ta hana ni.

Kun san kafin Baban Auta ya samu gurbin karatu a Sheffield ni malamar Turanci ce a sakandare a Zariya. Ɗalibaina suna nan, su ne shaida. Da zama ya ishe ni sai na samu aiki a wani gidan kula da tsofaffi. Ranar farko na shiga da rigunan sanyi biyu a kan atamfa, wata tsohuwa ta riƙe yatsuna, ta ji su kamar ƙanƙara, ta ce, "Tha's nesh, love." Na yi murmushi kawai. Da dare na duba ƙaramin ƙamus ɗin da na zo da shi daga gida, babu kalmar.

Inna kullum cewa take yi matambayi ba ya ɓata. Da wannan na kira Matar Yaya, ita da ta daɗe a Leeds. Dariya ta yi har tana tari. "Ke da kike malamar Turanci?" Ba ta faɗa mini ba. Ranar Sallah kuma, a gaban matan mutane, ta ba da labarin, har da kwaikwayon muryata. Na ci tuwon nan da ƙyar.

Washegarin aiki na durƙusa gefen kujerar tsohuwar, na ce, "Mama, me kike nufi da nesh?" Ta ji daɗin Maman nan. Ta ce nesh shi ne wanda ba ya jure sanyi, tha kuma kai ko ke, irin maganar kakanninsu. Matar nan tun tana yarinya take goge cokula da wuƙaƙe a masana'anta, don garin da ƙarfe aka san shi, yatsunta duk sun kanannaɗe. Ita ta zama malamata. Ina taje mata kai tana koya mini. Mardy, mai kumbure-kumbure da shagwaɓa. Nowt, babu komai. Owt, wani abu. Idan ta ce tana son tea da yamma, abincin dare take nufi, shayi kuwa brew ne, dinner kuma na rana. In aka ce aiki nine while five, daga tara zuwa biyar ke nan, abin da da ɗalibi ya rubuta mini a jarrabawa jan biro zai sha. Idan za ta zagaya sai ta ce za ta spend a penny, saboda a da sai ka saka kwabo a ƙofar makewayin gwamnati kafin ta buɗe.

Wata rana ta ce albashinta na farko 'yan bob ne kawai. Na ce mene ne bob? Ta ce shilling, guda ashirin ke yin fam. Gabana ya faɗi. Sule! Har Inna ta koma ga Allah da sule da sisi da fam take lissafi, duk da naira ta zo tun 1973. Su ma can sun bar sule a 1971, amma tsohuwar nan ba ta bari ba. Na ce mata uwata ma haka take. Ta ce in gaishe ta. Ban samu isar da gaisuwar ba, ina ta cewa sai na je gida in faɗa mata baki da baki, aka bugo mini waya da asuba. Wannan kam har gobe yana ci na.

Matambayi ba ya ɓata, haka ne, Inna. Amma wanda za a tambaya fa? Ɗan'uwa ya mayar da kai abin dariya, bare mai shekara tamanin da ɗoriya ya zaunar da kai ya koya maka.

Shekaru bayan haka, a sunan jikar Matar Yaya ta fari, ɗanta ya ce wa ƙanwarsa ta daina zama mardy, yana dariya ya ƙara da cewa ita nesh ce. Matar Yaya ta juyo gare ni a hankali ta ce, "Wai me yaran nan ke nufi da nesh?" Ashe ita ma ba ta sani ba tun farko. Da ta ce "ban sani ba" a daren nan, da ba mu kai ga wannan rubutun ba. Na faɗa mata ma'anar, ban yi dariya ba, kuma akwai waɗanda suke wurin.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, haihuwar Auta.