Littattafan da aka buga da kuɗin aljihu

Sana'ata ɗaukar hoton biki ce, amma kwanan nan kyamarata ta fi ganin tsofaffin littattafan soyayya fiye da fuskokin amare. Ina bin gidajen 'yan uwa da ƙawaye ina arowa. Da hantsi nakan shimfiɗa farin yadi kusa da taga, in ɗauki bangon gaba da na baya, da shafukan farko da na ƙarshe. Labarin ciki an riga an karanta shi. Ni abin da ya kewaye shi nake bi.

A nan ake ganin yadda aka yi aikin. Ga lambar akwatin gidan waya na marubuciya, ga jerin littattafan da ke nan tafe, ga wasiƙun masu karatu daga garuruwa na kusa da na nesa, wani yana yabo, wata tana faɗa don an kashe mata tauraro. Ga hoton marubucin da aka ɗauka a shagon mai hoto, labule a bayansa, ya kafa hula ya riƙe biro. Bangon wani zanen hannu ne, na wani fuskar jarumar fim ɗin Indiya ce aka yanko. Daga baya sai fuskokin 'yan fim ɗinmu suka karɓe wurin.

A da, wanda ya rubuta littafin Hausa Zariya yake dosa, ya jira kamfanin buga littattafai na NNPC ya duba. Da tattalin arziki ya karye, gwamnati ta shigo da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka fi karkata ga littattafan makaranta. Matasan Kano ba su zauna jira ba. Mutum ya cika littafin rubutu da labari, ya kai wa mai tafireta, ya tara kuɗi ya kai ƙaramar maɗaba'a, ya ɗauko kayansa zuwa wajen dillalai a kasuwar Sabon Gari. Raba labari kashi na 1 da na 2 da na 3, wanda ya sha ba mu haushi muna 'yan mata, dabara ce ta wanda ba shi da jari: cinikin na farko ne ke buga na biyu. Ƙungiyoyin marubuta irin su Raina Kama da Kukan Kurciya suka zama gatan juna, kowa yana tallata littafin ɗan uwansa a bayan nasa.

Wadda ta fi tsaya min a rai ita ce Hajiya Balaraba Ramat Yakubu. An cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, ta koma ta nemi ilimi da girmanta, ta fitar da littafinta na farko a 1987. Zancen kishiya da auren dole da zawarci ta rubuta shi daga cikin ɗaki, da bakin wadda abin ya shafa. Na san akwai kurakuran bugu a littattafan nan, takardar ma ba ta da kauri, kuma wasu labaran maimaici ne. Amma duk mai raina su ya nuna min inda aka rubuta rayuwar matan Hausa na wancan lokaci da yawa haka.

Fim ma ta wannan hanya ya biyo. Ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a kaset a 1990, sannan marubuta irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Bala Anas Babinlata da ita Balaraba suka juya labaransu zuwa fim. Kuɗin aljihu ne dai, da dillalan kasuwa, har da raba fim kashi biyu.

Abin da ke damuna shi ne adanawa. A 2007 an ƙona irin waɗannan littattafai a bainar jama'a a Kano da sunan gyaran tarbiyya, amma gara da damina da ƙaura sun ci fiye da abin da wuta ta ci. Kaset kuwa ya yi fumfuna, na'urar kunna shi ma sai an tona. Marubutan yanzu, waɗanda nake karanta su da daddare a Wattpad da WhatsApp, nasu ya fi saurin ɓacewa. Da aka rufe OkadaBooks, dandalin sayar da littattafai ta intanet, a 2023, shagon marubuta da dama ya tafi da shi.

Don haka roƙona biyu ne. Ke mai rubutu a waya, idan labari ya kammala, ki daure ki buga ko kwafi kaɗan ne a takarda, ki sa sunanki da shekara da garinku, ki sa hotonki idan gida sun yarda. Ke kuma da kike da buhun tsofaffin littattafai a ƙarƙashin gado, don Allah kada ki ba mai ƙosai. Ko bango ya cire ina so, domin wasiƙun nan da jerin sunayen littattafai galibi suna shafukan ciki. Zan zo da yadina in ɗauka a tsakar gidanki, in bar miki kayanki.