Daga Kano zuwa Iseyin ni kaɗai

Takardar kiran bautar ƙasa ta jefa ni Jihar Oyo, sansanin Iseyin. A gidanmu mace ba ta zuwa ko Zariya ba ɗan rakiya, don haka sai da aka kai ruwa rana kafin Baba ya amince. Yayana da zai raka ni bai samu izini a wurin aiki ba. Ƙarshe dai Baba ya ce, "Ki je, Allah Ya tsare. Duk garin da kuka tsaya ki kira uwarki." Umma kuwa ba ta ce komai ba, ta zauna ta ɗinka mini aljihu a cikin siket ta zuba rabin kuɗina a ciki, ta ƙulla mini dambun nama da dabino.

Bayan la'asar muka tashi daga New Road ta Sabon Gari a doguwar motar dare. Tsoron da na tafi da shi na hanya ne, musamman tsakanin Kaduna da Abuja, don babu wanda bai san labarin masu garkuwa da mutane ba. Muka wuce lafiya, bakina bai bar addu'a ba. Amma abin da ya fi ba ni wuya ƙananan abubuwa ne da ban taɓa lissafa su ba, saboda kullum wani ke ɗauke mini su. Ban iya barci ba, don babu mai farka ya lura da kaya. Na ƙi shan ruwa sosai don ban san inda za a tsaya ba. Cajin wayata yana ta sauka, Umma tana ta kira.

Can tsakar dare muka haye gadar Murtala da ke kan Kogin Kwara, direba ya tsaya a Lokoja, ya ce minti ashirin kawai. Ban yi magariba da isha ba. Na sauko da buta a hannu, jakar takarduna a kafaɗa, na tsaya ina kalle-kalle. A ciki akwai sakamakon jami'a da takardar kira, in suka ɓata tafiyar ta tashi a banza. Ba zan shiga da ita banɗaki ba, ruwa ne ko'ina a ƙasa, ba ko ƙusar rataya. Wa zan ba wa?

Tun Kano nake lura da matar da ke kujerar kusa da ni. Bayerabiya ce, dattijuwa, na ga yadda ta raba wa yaran wata fasinja biredinta, na kuma ji ta tsawata wa yaron mota da ya yi wa wani tsoho rashin kunya. Na matsa na gaishe ta. Sai ta amsa da Hausa tiryan-tiryan, ashe a Sabon Gari ta yi aure ta haifi 'ya'yanta.

"Kawo jakar, 'yata. Je ki yi alwala, ina nan."

"Mama, kada mota ta tashi."

"Ba mai tayar da motar nan ki na salla. Je ki."

Na haɗa sallolin na yi ƙasaru a kan kwali a gefen wata mai suyar kifi. Da na sallame na hango ta tsaye a bakin ƙofar mota, jakata a rungume a ƙirjinta, direba yana ta danna hon, ita ko gezau. Wannan shi ne karo na farko a rayuwata da na auna mutum da idona, na yanke shawarar yarda da shi, ba tare da na waiwaya na nemi Baba ko Yaya ba. Har yau ina jin daɗin abin a raina. A ganina iyayenmu suna da gaskiya da suke tsorata mu da baƙi, sai dai ba a koya mana yadda ake gane na kirki a cikinsu, kuma matafiyi ba ya rasa buƙatar wani.

Okene, Owo, Akure duk na wuce su cikin gyangyaɗi. Gari ya waye mana da dazuzzuka kore shar da bishiyoyin kwakwar manja, irin da ban taɓa gani ba sai a talabijin. A Iwo Road ta Ibadan hayaniya ta kusa ruɗa ni, kowa na jan akwatina yana Yarabanci. Mama ta kore su, ta yi mini cinikin ƙaramar tasi Micra zuwa Ojoo, ta ce in na samu sarari in leƙa Sabo da ke Mokola, unguwar Hausawa ce tun 1916, zan samu tuwo da 'yan uwa.

Daga Ojoo ni na nemi motar Iseyin da kaina, na tambayi mutum biyu kuɗin mota kafin in biya, na zaɓi kujerar taga. Muka bi ta Moniya. A motar akwai wata yarinya daga Sakkwato, ita ma sansanin za ta, idonta ya kumbura don kuka, ba ta ci komai ba tun jiya. Na kwance ƙullin dambun nama muka ci tare, na ba ta wayata ta kira gida. A bakin ƙofar sansani sojoji suka ce kowa ya ɗora akwatinsa a ka, na taya ta ɗora nata, ta taya ni, muka shiga layin rajista.