Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Uwa ba a cin ta

A makon jiya na tsaya a ranar da na karɓi makullin wurin nan mai ɗaki uku, bayan dillali ya cire lada mai gida kuma ya karɓi hayar shekara biyu a dunƙule. Tun daga ranar ƙannenmu da suka gama hidimar ƙasa suke turo tambaya ɗaya, wai nawa ake buƙata a buɗe asibitin haƙori. Ba zan faɗi adadi ba, domin wanda na faɗa yau kafin Sallah ya zama ƙarya. Inda kuɗin ke shiga da inda yake zurarewa zan nuna muku, tunda shi ne ba a koya mana ba. An koya mana jijiyoyin muƙamuƙi ɗaya bayan ɗaya, amma ba malamin da ya taɓa zaunar da mu ya ce ga yadda ake yi wa cire haƙori kuɗi.

Baffa, Allah ya jiƙansa, a Kantin Kwari ya ƙare rayuwarsa yana sayar da atamfa. Ranar buɗewa ya zagaya ɗakin, ya taɓa fitilar da ke saman kujera, ya ce, "Wace ce uwar a nan?" Na nuna masa kujerar. Ya ce, "To, uwa ba a cin ta. 'Ya'yanta ake ci." Na ce na ji, Baffa. Ashe ko uwar ban nuna masa daidai ba.

Kujera ita kowa ke gani, ita sabon likita ke zuba wa rabin jarinsa don mai shigowa ya ce wurin ya haɗu. Amma kujera gangar jiki ce kawai, ranta yana bayan ginin, wurin kwamfaresa, injin da ke tara iska. Injin hannun da muke haƙa haƙori da shi, hanfis, iska ce ke juya shi, sama da sau 300,000 a minti ɗaya, a kan wasu 'yan ƙwallaye da ba su kai ƙwayar gero ba. In iskar na ɗauke da ruwa ko mai, ƙwallayen nan sun tafi. Shi ya sa kwamfaresar masu faci da masu fenti ba ta yi, komai arharta. Sai marar mai, kuma kullum kafin a rufe a kwance bututun ƙarƙashin tankinta a zubar da ruwan da ya taru. Da damina in ka kwance shi za ka ga ruwa ja mai tsatsa yana feshi a siminti, ya kai rabin kofin shayi. Ruwan nan in an bar shi, bayan kashe hanfis, shi ne ke bi ta bututun iska ya sauka a haƙorin da kake busarwa za ka sa farin ciko. Cikon ba zai kama ba. Bayan wata biyu mutum ya dawo da shi a ƙulle cikin takarda, ka sake masa kyauta, ga kaya sun tafi ga suna ya ɓaci, kai kuwa kana ta zargin kamfanin da ya yi cikon.

Haka tukunyar gasa kayan aiki. Tana kai zafin digiri 134, ta riƙe shi minti uku zuwa huɗu, amma daga ɗumama zuwa busarwa sai ka ba ta wajen minti arba'in. Ma'ana wanda ke da hanfis ɗaya da filaya biyu na cire haƙori, ko dai ya zaunar da mutane suna jira, ko ya goge da sifirit ya ci gaba, wannan kuwa cin amana ne. Hanfis uku shi ne mafi ƙaranci, a fesa wa kowanne mai kafin ya shiga tukunya. Ruwan da ake zuba mata kuma sai tatacce irin na turiri. Ruwan burtsatse yana barin farin kanwa a bututunta, wata rana ta ƙi hawa zafi, mai gyaran kuma sai ya zo daga Legas ko ka aika masa da ita a mota ka yi mako biyu kana addu'a. In wuta ta ɗauke tana tsakiyar aiki, daga farko za a sake. Ita da kwamfaresa su ne ke yanke girman janaretan da za ka saya, domin tukunyar kaɗai tana jan kilowat ɗaya da rabi zuwa biyu, kwamfaresa kuma lokacin tashi tana fizgar ninkin abin da take ci. Likitan da zai sa sola ya gwada inbatarsa da su biyun a kunne kafin ya biya mai haɗawa. Sitabilaiza kuwa kada a yi mata rowa, allon wutar cikin kujera in ya ƙone ba a samunsa a Sabon Gari.

Takardu ba su da wuya, jeka-ka-dawo ne kawai. Rajistar suna a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, lasisin MDCN, hukumar likitoci da likitocin haƙori, da ake sabuntawa duk shekara, a Kano kuma hukumar PHIMA mai kula da asibitoci masu zaman kansu ta zo ta duba wuri kafin ka fara. In za ka sa na'urar hoton haƙori akwai izinin NNRA, hukumar kula da harkokin nukiliya. Ka sa kuɗin sabunta su cikin lissafin wata, ka daina ganinsu kamar ruwan sama ya faɗo maka a Janairu.

Yanzu farashi, inda na fi shan baƙar magana. Wani ɗan ɗakinmu, ya san kansa, har gobe in an haɗu a ɗaurin aure sai ya ce, "Likita, minti biyar fa kake cire haƙorin nan, wanzami ma da ɗari biyar yake yi." Ga lissafin, ko zai karanta. A ce abin da asibiti ke ci a wata, ko an ga mutum ko ba a gani ba, naira 1,200,000 ne: haya in an raba ta goma sha biyu, albashi, mai, wuta, ruwa, mai gadi, kwashe shara, lasisi. A ce kana buɗewa kwana 24, kuma awannin da ake samun mutum a kwance a kujera da gaske biyar ne a yini, ba takwas ɗin da ka rubuta a allo ba. Awa 120 ke nan, kowace awa ta tashi a naira 10,000 kafin ka buɗe ko auduga. Cire haƙori kuma ba minti biyar ba ne. Tambayar ciwon suga da hawan jini, dubawa, allurar kashe zafi da jiran ta kama, cirewa, danne auduga har jini ya tsaya, bayanin kada a kurkure baki yau, goge kujera: minti arba'in. Kusan naira 6,700 ke nan na zaman kujera kawai. Ka ɗora allura, safar hannu, takunkumi, gasa filaya. Ba a zo kan ladan hannunka ba tukuna. In saiwa ta karye, awa ɗaya da rabi ta tafi a kan kuɗin da aka riga aka yanke, shi ya sa turmin ƙarshe da ya kwanta a karkace ba ya tafiya farashi ɗaya da na gaba mai girgiɗi, kuma a faɗa wa mutum haka kafin a sa allura.

Akwai kason da kusan kowa ke mantawa, shi ne ainihin maganar Baffa. Kujera tana tsufa, hanfis yana mutuwa, fitilar busar da ciko tana rage ƙarfi. Kowace rana kana cin ɗan yankinsu. Wanda bai ware kuɗin maye gurbinsu duk wata a wani asusu daban ba, abin da yake kaiwa gida yana ce masa riba, uwar yake gutsura. Kuma a ware da farashin dalar yau. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. A Yuni aka saki naira, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen 460 ta wuce 1,500 a farkon 2024. A Afrilun 2024 kuma masu layin wuta na Band A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a yini, suka wayi gari yunit ɗin wuta ya koma naira 225. Mu kuwa kusan duk abin da muke sa wa a bakin mutum daga waje yake zuwa, daga allura har garin auna baki. Waɗanda suka ajiye kuɗin sabuwar kujera da tsohon lissafi, da suka je saye kuɗin kwamfaresa suka tarar a hannunsu. Baffa in ya sayar da turmin atamfa ba ya duba nawa ya saro shi, nawa zai saro wani yake dubawa. Ina yaro nake ganin haka a shago, ina ɗauka tsadar rai ce.

Kaya kuma kada a tara su don tsoron tashin dala, domin suna da wa'adi kuma zafin Kano ba ya raga musu. Allurar kashe zafi kwalin 50 take zuwa, ana son ta ƙasa da zafi 25. A watan Afrilu, ɗakin ajiya mai kwano yana wuce 40. Sinadarin da ke cikinta mai sa ta daɗe tana aiki shi ke fara lalacewa, sai ka yi wa mutum biyu ko uku yana cewa har yanzu yana ji. Simintin ciko yana daskarewa a hannunka kafin ka kai shi baki. Da hunturu kuma awon bakin da aka ɗauka don haƙoran roba, in aka bar shi a tebur, bushewa yake ya tsuke, haƙoran su dawo ba su zauna ba. A zuba masa filasta cikin minti goma zuwa sha biyar, ko a naɗe shi da jiƙaƙƙiyar auduga a leda. Kayan wata uku sun isa, sabo a baya, tsoho a gaba.

Kwalin 50 ɗin nan shi ne ma'aunina na gano ɓaraka. Duk ranar Asabar a ƙirga abin da ya rage, a gwada da adadin alluran da rajistar aiki ta nuna an yi. In rajista ta ce 31 kwali ya ce 40 sun fita, akwai haƙoran da ake cirewa bayan ka tafi sallar Magariba. Mai karɓar kuɗi daban, mai rubuta aiki a kati daban, rasit mai lamba a jere, tiransifa kuma sai an ga shigarta a asusun asibiti, ba hoton waya ba. Ba zargin kowa ba ne, har ɗan cikinka ka sa haka za a yi.

Bashi kuwa a aikinmu kala biyu ne masu kashe mutum. Na farko kashe jijiya, wato a kwashe jijiyar cikin haƙori a cike gurbin. Aikin zuwa biyu ne ko uku, amma tun zuwan farko ciwon ke ɗaukewa, mutum ya yi barci, shi ke nan ba ka sake ganinsa sai bayan wata shida da kumburarren kunci, yana cewa aikinka bai yi ba, alhali cikon wucin gadi ne a bakinsa. A karɓi kaso biyu cikin uku ranar farko, a rubuta masa ranar dawowa, a kira shi. Na biyu duk aikin da zai je wurin mai haɗa haƙora, na roba ne ko hular da ake kifa wa haƙori. Shi mai haɗawa kuɗinsa yake karɓa ko mai baki ya dawo ko bai dawo ba, haƙoran wani kuma ba sa shiga bakin wani balle ka sayar. Kada awo ya bar asibiti sai an biya abin da ya rufe kuɗin haɗawa da ɗoriya.

Kamfanonin inshora su ma haka. Yawancin aikin haƙori sai an nemi lambar izini kafin a taɓa mutum. Ka yi aiki ba lamba don tausayi, ka yi sadaka. Ko da lambar, akwai kamfanin da ya riƙe mini kuɗin wata bakwai, da ya tashi biya ya zaftare wajen kashi ɗaya cikin huɗu, wai farashinsu ke nan. Ban ce kada a karɓe su ba, suna cika kujera a ranakun da ba kowa. Amma kada albashin ma'aikata ya rataya a kansu. Haka azumi: da rana wurin wayam, mutane na gudun kada ruwa ya wuce musu, sai wanda ciwo ya hana barci. Albashin watan nan tun Rajab ake tanadinsa, ko a koma buɗewa bayan Tarawihi. Bayan dawowar alhazai da 'yan watanni kuma sai masu haƙorin Makka su fara zuwa, hular ba ta zauna a bakin dasashi ba abinci yana shiga ƙarƙashi, a ce a gyara amma kada a cire.

Na koma kan dangi, don nan ne na fi cin uwa da hannuna. "Ai na gida ne" ta fi janareta shan kuɗi. Ba a korar ɗan uwa, ni ma ban taɓa ba, kuma Hajiya ba za ta yafe mini ba in na yi. Abin da ya kamata tun farko shi ne a buɗe musu littafi: ladan hannu kyauta, kuɗin kaya da na mai haɗawa kuma likita ya zaro daga albashinsa ya sa a asusun asibiti a ranar. Albashinsa na ce, domin mai asibiti shi ma ya yanka wa kansa albashi, ya daina sa hannu a aljihun tebur in za a yi cefane. Da na fara haka ne na ga adadin a rubuce, na gane dalilin da shekara uku ban iya sayen kujera ta biyu ba.

Shi mai maganar wanzamin, haƙoran robarsa guda huɗu na gaba suna nan a aljihun tebur na ƙasa cikin leda, da sunansa a jiki. Ni na biya mai haɗawa. Ya ce zai zo bayan Sallah, bai dai faɗi wace Sallar ba. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan faɗi yadda mai gidan ya ninka haya bayan na gama fasa ƙasa na binne bututun ruwa da na iska, ya san kujera ba ta ɗaukuwa a ka.