Na sassaƙe manifol da gidan totur na Golf 4 mai turbo, ga abinda na gani

Duk wanda ya taɓa cire manifol ɗin iska (tulun da yake raba wa silindoji iska ta bututu) na injin 1.8T ya haska tocila a ciki zai gane me yasa na kasa haƙuri. Alminiyam ne da aka zuba a kamfani, cikinsa kaushi-kaushi, ga layin haɗin zubi a tsaye a kowane bututu, ga kuma wani ɗan tudu a daidai inda gidan totur (ƙofar da take buɗe wa inji iska in ka taka totur) yake zama. Motata Golf 4 ce, injin AGU, silinda huɗu bawul 20, wato biyar-biyar kenan, uku na shiga biyu na fita, doki 150 daga kamfani da ƙaramin turbo K03, kuma totur ɗinta na waya ne ba na lantarki ba. Shi AGU yana cikin masu manyan ƙofofin shigar iska, shi yasa masu son gudu suke nemansa.

Ban taɓa na jikin motar ba da farko. Na shiga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano na nemo wani manifol ɗin da gidan totur na Beljiyam, saboda in aiki ya ɓaci in samu abin mayarwa, kuma dan Allah duk mai son yin wannan aikin yayi haka. A lura wajen saye, akwai mai manyan ƙofa akwai mai ƙanana na injinan da suka zo daga baya irin su AUQ, a ido daga nesa kamar ɗaya ne, sai ka ɗora gaskit a kai zaka gane. Na jiƙa shi na wanke bakin man da ya daskare a ciki, wanda tiyon numfashin inji da turbo suke turowa shekara da shekaru, sannan aka fara.

Maigidana a gareji da ya ga na ɗauko giranda sai yace, "yaro, faɗaɗawa zaka yi ko gyarawa?" Nace Baba ai duk ɗaya ne. Yace a'a, ka tsaya ka duba tukun. Gaskiyarsa kuwa, domin injin turbo ba tsotsar iska yake da ƙarfinsa kaɗai ba, tura masa ake yi, a bust (matsin iskar da turbo yake turawa) bar ɗaya iskar da take cikin manifol ta kusa ninka nauyinta na waje, saboda haka ko bututun bai yi girma ba iska zata wuce. Abinda yake cutar da ita shine karo, tudu, kwana mai kaifi, gefen da ya leƙo cikin hanya. In ka faɗaɗa ramin fiye da kima saurin iskar ne zai ragu, motar tayi sanyi a ƙasa kafin turbo ya tashi, kuma a cikin gari nan ne kake rayuwa ba a juyin inji 6000 a minti ba.

Inda na fi daɗewa shine bakin da manifol yake haɗuwa da tof silinda. Na shafa maka baƙa a fuskar, na ɗora sabon gaskit na saka noti biyu ya zauna daram, na zagaya cikinsa da tsinin ƙusa ya bar zane. Amma ba zanen nan ake bi har ƙarshe ba. Ramin gaskit yafi na tof silinda girma, in ka ci har layin to manifol zai fi ƙofar da yake zubawa faɗi, iska ta fito ta daki gefe, ka ƙirƙiro matsalar da babu ita kenan. Sai na ɗauki siffar ƙofar tof ɗin da kwali, na bar bakin manifol ya gaza ta da kamar rabin milimita a zagaye. Kuma duk abinda na ci a baki sai na bi shi ciki a hankali ya narke, ba wai baki ya buɗe kamar kakaki ciki ya tsuke ba.

Kan giranda na kabaid mai manyan haƙora ake sawa wa alminiyam, mai ƙananan haƙora minti ɗaya ya toshe. Ko mai manyan ma sai ina dangwala shi a kyandir ko in fesa WD-40, kuma ba'a dannawa, hannu yana yawo ne kullum, in ka tsaya waje ɗaya rami ya fito. Garin alminiyam ɗin nan yana tashi ya manne a gashin hannu da wuya yana ƙyalli, tabarau da takunkumi dole ne wlh, kada wani yace zai daure. Bayan nan sai sanfefa mai naɗi lamba 80. Cikin tulun manifol da saman bututu inda iska ce zalla na bi da mai laushi har yayi sumul, amma daga inda nozul yake fesa fetur zuwa ƙasa na barshi a 80 ɗin, don bango mai santsi sosai fetur yana kwanciya a kai ya zama ɗigo maimakon ya bi iska.

Abinda yafi bani tsoro shine bambanci tsakanin bututu huɗun. Iska ta gefe ɗaya take shigowa tulun, dama can rabon ba daidai yake cif ba, to in ka buɗe ɗaya fiye da sauran wannan silindar zata samu iska da yawa alhali birenbos (kwamfutar motar) fetur iri ɗaya yake ba kowa, fetur yayi mata kaɗan, tayi zafi, ta fara ƙwanƙwasa. Da irin fetur ɗinmu da bai kai oktan 95 da injin yake so ba, ga zafin Kano na watan Afrilu, fistin narkewa zaiyi. Shi yasa kwali ɗaya na yanka nake zura shi a kowanne, da baniya (ma'aunin faɗi), ina ci kaɗan ina aunawa.

Gidan totur kuwa aikin kaɗan ne amma nan ake kashe shi. Zoben da faifan (wanda yake juyawa ya buɗe ko ya rufe hanyar iska) yake rufewa a kai ba'a taɓa shi ko da sanfefa, na zagaye shi da salatif kafin in fara. In ya ci ko kaɗan iska zata dinga satar hanya, silo ya hau ya dinga hawa da sauka, kuma babu gyara sai wani. Bakin shiga kawai na kwantar ya zama gangare, na daidaita bayan da bakin manifol. Akwai masu rage kaurin sandar faifan su limance kan sukurorin, ni ban yi ba, domin sukuru ɗaya in ya kwance hanyarsa ɗaya ce, cikin silinda. Masu kai wa 'yan tana (masu injin sassaƙa ƙarfe) a ƙara faɗi a sa sabon faifai lissafinsu daidai ne, daga 60 zuwa 63 milimita ƙarin fili kashi 10 ne cikin ɗari, sai dai K03 bai da iskar da zai cike wannan filin.

Wanki na yi shi da gaske, ruwan zafi da omo da burushin kwalba, a hura da kwamfireso, a sake, har sai farin tsumma ya fito fari daga kowane bututu da kowane ɗan ramin tiyo. Na ɗaura da sababbin gaskit, na haɗa kwamfuta da VCDS (manhajar duba motocin Volkswagen) nayi wa totur saiti a rukuni 098, masu na lantarki nasu 060 ne. Sannan na toshe bakin turbo na hura iska don neman yoyo, sai ga tiyon da yake gangarawa intakula (mai sanyaya iskar turbo) yana tsiii ta wata tsaga a ƙasa inda ido baya gani, wa ya san tun yaushe.

To me aka samu? A ƙafa motar ta fi amsawa, kana taɓa totur tana ɗauka ba wannan ɗan jinkirin, kuma a sama bata shaƙewa da wuri kamar da. Amma a kwamfuta, iskar da iyafulo (ma'aunin iskar da take shiga inji) yake karantawa, wadda a injin doki 150 take kaiwa wajen giram 120 a sakan, ƙarin da na gani kaɗan ne, kuma na tabbata wani kaso na tiyon da na canza ne. Duk mai ce maka sassaƙa kaɗai ta bashi doki 30 a kan K03 ka ce ya nuna maka awo. Da wani zai tambaye ni ina zai fara sa kuɗinsa, zan ce ya toshe yoyo, ya sa intakula babba a gaba tunda ƙaramar ta gefe tana cika da zafi a go-slow, ya buɗe salansa daga bayan turbo, ya kai a yi masa saitin birenbos. Manifol ɗin nan da na gyara zai nuna amfaninsa sosai ne ranar da turbo K04, wanda yafi K03 girma, ya hau, kuma shi nake tara wa kuɗi yanzu.