Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ɗan Kallo

Na tsaya makon jiya a inda Kawu ya sauke ni Agege in koyi cinikin goro. Agegen lokacin gari ce mai zaman kanta, ga tashar jirgin ƙasa, ga Zango. In za mu cikin birni cewa muke za mu Ikko.

Aikina yayyafa wa huhun goro ruwa da tsince mai ƙwaro. Ladana 'yan kwabbai, su nake tarawa sai Pen Cinema. Akwai ta Danjuma ma, amma Pen ce tawa. Kujerun gaba na marasa kuɗi ne, wuya a sanƙame, hayaƙin taba na iyo cikin hasken majigi. Da an sako waƙar Indiya sai ka ji Bahaushe da Bayarabe sun ɗauka tare, ba wanda ya san me ake cewa. Ran fim ɗin Canis kuwa, yara na fitowa sai harbin iska har bakin titi.

Kawu ya ji labari. Bai dake ni ba, da ma dukan ya yi. Gaban abokan cinikinsa ya ce, "Kai yaro, ɗan kallo ba ya tara jari."

Jikana da ke jami'a ne ya faɗa min tun 1903 aka fara haska fim a Ikko, a Glover Hall, Herbert Macaulay ya gayyato masu shi. Ashe kallon ya girmi Kawu. Dokar 1972 ta raba Kwarori da Indiyawa da gidajen silima, darajar naira ta zube bayan 1986, fim ɗin waje ya yi tsada, bidiyo ya shiga ɗakuna. Pen ta mutu, suna ya rage a bakin kwandasta, sai gadar sama da aka buɗe 2021.

Ɗan kallo ba ya tara jari. Da wannan maganar ya hana ni rumfar da na yi wa bauta, ya danƙa wa ɗansa, wanda ko daushe bai iya bambancewa da sabon goro ba. Inna ta sa baki, ya ce mata, "Yaya, ki bar maganar nan."

Kun san me ɗan nasa ya yi da rumfar? Kawu na rasuwa ya sayar da goron, ya cika ta da kaset ɗin bidiyo na haya. Ni ne ma na ranta masa kuɗin talabijin, har yau ban ga kwabo ba.

Mako mai zuwa, aurena na fari.